Saita injin mota: aikin da za ka yi da hannunka da wanda za ka bar wa bakanike

Tun ranar da maƙwabta suka gan ni da safiyar Asabar a ƙofar gida, bonet a buɗe, filogi huɗu jere a kan kwali, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini, a masallacin unguwa da wajen aiki da ta waya: "Malam, da gaske mutum zai iya saita injinsa da kansa, ko dai karambani ne?" Yawancin masu tambayar nan ba sha'awar kanikanci ce ta kawo su ba, tsadar mai ce. Tun da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, motar da a da ake yi wa uzuri da "ai haka take sha" ta zama abar tuhuma.

Za ka iya, amma da iyaka. Duk abin da ya shafi numfashin inji da wutarsa, wanda sifana ke kai wa daga waje, naka ne, kuma cikin 'yan makonni hannunka zai faɗa. Abin da ke cikin cikin inji na bakanike ne. Ina tuƙa Corolla ta 2006 a nan Bauchi, kafin ita na yi shekaru da Golf 2 mai kafireta, don haka daga su biyun zan riƙa kawo misali.

Akwai wani saitin daban da samari ke gani a bidiyo, inda ake sauya lissafin burenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, don mota ta ƙara gudu. Ba shi nake nufi ba. Inji mara turbo ɗan ƙarfin da zai samu ba ya taka kara ya karya, in kuma aka yi kuskure sai dai a nemi wani burenbos a sake daidaita makulli. Namu shi ne mayar da inji yadda kamfani ya saita shi.

1. San irin injin da ke gabanka

Motocin fetur da ke yawo a garin nan kashi biyu ne. Akwai masu kafireta, irin su 504 da yawancin Golf 2 da Golf 3 ɗin da aka mayar wa kafireta a gareji. Akwai masu nozul da burenbos, irin su 406, Corolla, Camry, Accord, Vectra da Sharan. Na farko ana saita su da sukundireba da kunne. Na biyu burenbos ne ke saita su, aikinka kawai ka tabbatar bayanin da ke isa gare shi gaskiya ne.

Leƙa ƙarƙashin sitiyari ka nemi soket mai rami 16. Shi ne OBD2, inda ake jona sikana, na'urar da ke karanto laifin mota daga burenbos. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka suna da shi tun 1996, na Turai masu fetur tun 2001. Sannan ka nemo lambar inji. Na Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai 1.8, misali, 1ZZ-FE ne.

Hattara: motoci da yawa a nan an sauya musu inji da ɗan Beljiyam. Ka sayi kaya da lambar injin da ke ciki, kada ka bi shekarar jikin mota.

2. Auna shan mai kafin ka taɓa komai

Wannan matakin kowa ke tsallakewa, shi ya sa gardamar "ta rage sha" da "ba ta rage ba" ba ta ƙarewa. Allurar tanki ba ma'auni ba ce. Ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka mayar da ƙaramar mitar tafiya sifili, ka yi harkokinka na mako guda. Ka koma gidan man nan, famfon nan, ka sake cikawa. Raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Kilomita 270 da lita 30 na nufin kilomita 9 a kowace lita. Rubuta a littafi da kwanan wata.

Bambancin da ake rainawa ba ƙarami ba ne. Bauchi zuwa Gombe da dawowa kimanin kilomita 300 ne. Motar da ke yin 10 a lita za ta sha lita 30, mai yin 8 za ta sha 37 da rabi.

A shafin dai ka rubuta ciwon motar da kalmominka: da safe take wahalar tashi ko in ta yi zafi, a tsaye take rawa ko sai an taka totur, wane irin hayaƙi take yi. Baƙin hayaƙi mai ne ya yi yawa. Shuɗi-shuɗi baƙin mai take ƙonawa. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga silinda. Biyun ƙarshe saiti ba ya maganinsu, ka wuce mataki na 10 kai tsaye.

3. Kayan aiki

Soket ɗin filogi mai lamba 16, ko 21 ga tsofaffin motoci, da doguwar sandarsa da hannu mai kai da komo. Sifana 8 da 10 kowa na buƙata, mai motar Japan ya ƙara 12 da 14, mai ta Turai 13 da 17. Sukundireba mai faɗi da mai kuros, filaya, ma'aunin gibi mai ganye-ganye wanda kanikawa ke cewa fila geji, da ƙaramar mitar wuta irin ta masu gyaran rediyo. Sai guntun tiyon roba kamar tsawon taƙi, wanda bakinsa zai kama kan filogi. Za ka ga amfaninsa.

Mai motar nozul ya ƙara ƙaramar sikana ELM327 da ke haɗuwa da waya ta Bluetooth, a sauke mata manhaja irin Torque ko Car Scanner. Gwangwanin feshi biyu ne, kuma ba ɗaya suke ba: na wanke kafireta da na wanke sensa.

Duk abin da na kashe a kan waɗannan bai kai kuɗin cika tankin Corolla sau biyu ba, kuma sau ɗaya ake saye. Inda ban yarda a yi tsumulmula ba shi ne soket. Na banza yana zamewa ya cinye kan noti, aikin minti biyar ya koma na yini.

Hattara: cire babbar riga, naɗe hannun kaftani, ajiye agogo da zobe. Fanbel ba ya tambaya kafin ya ja. Fankar lagireto ta wasu motoci tana tashi da kanta ko an kashe inji. Kada ka bar mota a kunne cikin rufaffen gareji, hayaƙin salansa yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba.

4. Batir

Saita mita a 20 ta ɓangaren DC. Mota a kashe tun dare, batir mai lafiya zai nuna wajen volt 12.6. In ya sauka ƙasa da 12.2 ya yi rauni. Tayar da inji, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5, alamar altaneta na caji. Kawunan batir in sun yi farin gari, kwance na mainos tukuna da sifana 10, ka goge, wajen mayarwa shi ne na ƙarshe. Raunin wuta yana rikita burenbos har ya kawo ƙarar sensar da ba ta yi laifin komai ba.

Hattara: cire batir yana goge bayanan da ke burenbos, kuma rediyon wasu motoci, musamman Honda, yana kullewa ya nemi lamba. Yi mataki na 5 kafin ka kwance kan batir.

5. Ji ta bakin burenbos

Jona sikana, murɗa makulli wuta ta kawo ba tare da ka tayar ba, ka karanta lambobi. Ɗauki hotonsu kafin ka goge ko ɗaya. Waɗanda za ka fi cin karo da su: P0300, inji na misin, wato wuta na ƙin kamawa a silinda, kuma ba a silinda guda ba. P0301 zuwa P0304, misin a silinda ta ɗaya zuwa ta huɗu. P0171, iska ta fi mai yawa. P0172, mai ya fi iska yawa. P0128, inji ba ya kai zafin da ake so. P0420, matatar hayaƙin cikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi, ba ta aiki ko kuma an riga an kwashe ta.

Kuskuren da ya fi cinye kuɗin mutane a nan yake. Lamba tana faɗin inda ake jin ciwo ne, ba ta ce ga abin da za a saya ba. P0171 ya fito, sai a ruga a sayi sensar salansa, alhali sau da yawa tiyon iska ne ya tsage, ko famfon mai ya gaji, ita sensar gaskiya kawai ta faɗa. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1, duk abin da ya ɓata wannan lissafi shi ake nema.

Hattara: wutar cek, wato fitilar gargaɗin inji da ke gaban direba, in ta tsaya cak za ka iya lallaɓawa zuwa gida. In tana ƙiftawa, misin ne mai tsanani, ɗanyen mai na zuba cikin salansa yana ƙona matatar. Rage gudu, ka tsaya da zarar ka samu wuri.

6. Hanyar iska

Buɗe akwatin filtar iska, ciro ta, ɗaga ta saitin rana. In haske ba ya ratsawa ta gama aiki. Littafin mota zai ba ka dubban kilomitoci, amma wanda ya rubuta shi bai san hunturunmu ba, bai kuma bi hanyar ƙauyukan Ningi a watan Janairu ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu duk mako biyu nake dubawa. Kaɗe ta a hankali ya halatta. Wanke ta takarda da ruwa ko fetur bai halatta ba, haka nan kai wa mai faci ya hura mata iska da ƙarfi, domin yana yi mata ƙananan huji da ido ba ya gani. Masu cire ta gaba ɗaya wai mota ta sha iska, ƙasa suke ɗura wa ringi.

Bayan akwatin, a motoci da yawa, akwai sensar iska da sukuru biyu ke riƙe da ita. Zare soket, kwance ta, za ka hango 'yar siririyar waya a ciki. Fesa mata maganin sensa daga ɗan nesa, ka bar ta minti goma sha biyar ta bushe.

Hattara: kada yatsa ko tsumma ko auduga su taɓa wayar nan, kuma kada ka yi amfani da feshin kafireta a kanta.

Sai bakin totur. Kwance babban tiyo, za ka ga faifai zagaye da baƙin datti a gefensa. Wannan dattin ne ke sa mota rawa a danja ko mutuwa in an kunna AC. Fesa maganin kafireta a tsumma ka goge. In totur ɗinka na waya ne, buɗe faifan da hannu ba komai. In na lantarki ne, kada ka danna shi da ƙarfi. Bayan wanki silo, wato gudun inji a tsaye ba a taka totur ba, yakan hau sama na ɗan lokaci har burenbos ya saba, kada hankalinka ya tashi ka fara murɗe-murɗe.

Kafin ka rufe, bi ƙananan tiyoyin roba ɗaya bayan ɗaya kana lanƙwasawa. Zafin Maris da Afrilu yana busar da su su tsattsage ta ƙasa. In inji na aiki za ka ji wani siririn "sss" a inda ya fashe. Kada ka kwaikwayi masu yayyafa fetur a kan inji mai zafi don neman hujin.

7. Filogi

Nan zan daɗe, don nan na sha kashi.

Inji ya kwana a kashe, ya huce sarai. Ɗauki hoton yadda wayoyi suke. In motarka mai dilko ce, wato mai rarraba wuta ga filogi, da wayoyi huɗu, ɗaya bayan ɗaya ake yi: cire waya, sauya filogi, mayar da waya, sannan ka matsa gaba. Yawancin injin silinda huɗu suna harbi ne a jerin 1-3-4-2, in ka cire duka ka rikita su, mota za ta yi ta atishawa ko ta ƙi tashi. Ka ja waya ta hularta, ba ta tsakiya ba. In irin Corolla ce mai kwayil a kan kowane filogi, zare soket, kwance noti 10, ja kwayil sama. Hure ƙasar da ke ramin kafin ka kwance filogi, in ba haka ba cikin silinda za ta faɗa.

Jera tsofaffin a kan kwali bisa lambarsu, ta ɗaya ita ce ta ɓangaren fanbel. Karanta bakinsu. Ruwan ƙasa mai haske, lafiya lau. Baƙi busasshe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai na haurowa. Fari fat kamar alli, mai ya yi kaɗan ko inji na zafi fiye da kima. In uku sun yi kama ɗaya ya fita daban, ka san silindar da za ka sa wa ido.

Sabo kuwa, lambarsa ake bi. Filogi biyu na iya shiga rami ɗaya amma tsawon zare da jure zafinsu ya bambanta, wanda ya yi tsawo har fistin yana iya bugawa. Na injina Denso SK16R11 ne ko NGK IFR5A11, 11 ɗin ƙarshe na nufin gibin milimita 1.1. Tsofaffin motoci gibinsu yakan kama 0.7 zuwa 0.8. Filogi na gargajiya ana auna shi da fila geji a gyara, yana kuma kai kilomita 20,000 zuwa 30,000. Mai siririn baki na iridiyam da gibinsa yake zuwa, ba a danna shi, ba a kankare shi da burushin ƙarfe, kuma na ainihi yana iya kai 100,000. Kuɗinsa ya ninka na gargajiya sau da yawa, shi ya sa jabunsa ya cika kasuwa. In mai shago ya ba ka iridiyam a kuɗin na gargajiya, araha ba ta ado. Gara ka sa na gargajiya mai kyau wanda lambarsa ta dace, ka riƙa sauyawa a kan kari.

Yanzu ɗaurawa. Shekarun baya na dawo daga Alkaleri da la'asar, sababbin filogi a aljihu, zumuɗi ya hana ni jira. Golf na huci na kwance, na ɗora sabon a soket, na fara murɗawa da hannun sifana. Na ji na uku ya yi tauri tun zagaye na biyu, na ce tsatsa ce, na ƙara ƙarfi. Da na tayar, ko minti ɗaya ba a yi ba na ji "fat", filogin ya yi tsalle da wayarsa, inji ya koma ƙara kamar injin niƙa. Washegari aka ja ta zuwa wajen wani dattijon bakanike. Ya haska ramin da tocila, ya shafa da ɗan yatsa, ya nuna mini garin alminiyam yana ƙyalli.

"Malam, da hannu ka fara ɗaura shi ko da sifana?"

"Da sifana, Baba."

"To ai ka cinye zaren. Filogi ƙarfe ne, kan inji alminiyam. In suka yi faɗa ka san wanda zai sha ƙasa."

Sai da aka sauke kan inji aka kai wa masu yankan ƙarfe suka dasa sabon zare, na sayi gasket, na yi kwana huɗu ina hawa Keke. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Shi ya koya mini dabarar tiyo. Cusa kan filogi a guntun tiyon nan, zura shi a rami, murɗa da yatsu. In zare ya hau daidai zai tafi sumul zagaye da yawa. In ya karkace, tiyon zai zame kafin a yi ɓarna. Sai ya zauna da hannu sannan ka kawo sifana: sabon filogi mai wasa, wato zoben ƙarfen da ke gindin zarensa, rabin zagaye zuwa kashi biyu cikin uku ya isa. Wanda aka taɓa ɗaurawa, ɗan motsi kaɗan kawai, don wasansa ya riga ya lotse.

In sikana ta ce P0302 kuma sabon filogi bai magance ba, kada ka sayi kwayil tukuna. Musanya na biyu da na uku, goge lamba, zaga unguwa. In ta koma P0303, kwayil ne ya mutu, ɗaya za ka saya ba huɗu ba. In ta tsaya a ta biyu, matsalar nozul ce ko ta cikin silinda.

8. Hanyar mai

Filtar mai ta kafireta 'yar roba ce a fili, ka lura da kibiyar jikinta ta kalli inji. Ta Golf 3 da 406 tana ƙarƙashin mota kusa da tanki, kuma akwai matsi a layin. Zare fis ɗin famfon mai, tayar da inji har ya mutu da kansa, sannan ka kwance. Ta Corolla irin tawa tana cikin tanki tare da famfo, wannan ban taɓa ta a gida.

Hattara: ba sigari, ba janareto a kusa, ba murhu. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Famfon da ke cikin tanki man ne ke sanyaya shi. Ɗabi'ar zuba lita uku-uku da yawo da wutar risab a kunne tana gajarta masa kwana, man galan na 'yan bumburutu kuma ba ka san abin da ya kwanta a gindinsa ba. Na san aljihu ne ke jawo haka, amma in da hali kada tanki ya sauka ƙasa da kwata.

9. Masu kafireta: taimin kafin silo

Mai motar nozul ya tsallake wannan. Jerin aikin ba ya sauyawa: filta, filogi, kwantak (makunnin wutar da ke cikin dilko), taimin (lokacin da filogi ke harba wuta), kafireta a ƙarshe. Wanda ya fara da kafireta yana rufe laifin wani ne da ƙarin mai.

In dilkonka mai kwantak ne, irin na 504, gibinsa milimita 0.4 ne a lokacin da ya buɗe iyaka. Kafin ka sassauta dilko, karce alama a jikinsa da jikin inji don ka san hanyar komawa. Taimin na gaskiya da fitilar taimin ake yin sa a kan alamar fuli, kuma karon farko ka tsaya kusa da wanda ya iya. Alamomin kuskure dai ka san su: in ya yi gaba da yawa, kik yana tokarewa wajen tayarwa, a hawa kuma za ka ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. In ya yi baya, mota ta yi nauyi, ta yi zafi, ta sha mai.

Kafireta tana da sukuru biyu da suka shafe ka, na silo da na gaurayar mai da iska. Inji ya yi zafi, cok a buɗe. Kashe shi, murɗa sukurun gauraya ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya zauna, rubuta adadin, mayar da shi inda yake. Tayar. Juya kwata-kwata, kana jira kamar daƙiƙa goma sha biyar bayan kowane juyi, har ka samu inda inji ya fi tafiya sumul. Sannan ka daidaita silo wajen zagaye 800 zuwa 900 a minti.

Hattara: sukurun gauraya bakinsa kamar allura yake, in ka matse shi ya lalace ke nan. In ka juya shi inji bai nuna ya ji ba, kafireta ta toshe ko iska na shiga ta gindinta, sai an sauke an wanke. Kafiretar Pierburg 2E2 ta wasu Golf 2, mai tiyoyi kamar taliya, ko kanikawa ba kowa ke shigarta ba.

10. Inda hannunka zai tsaya

Taimin bel na 406 da Golf da tsohuwar Camry, wanda ake sauyawa tsakanin kilomita 60,000 da 100,000 gwargwadon mota: haƙori ɗaya in ya kauce mota ta rikice, in ya tsinke a injuna da yawa fistin ya daki bawul. Saita bawul, gasket, ringi, wanke nozul a na'ura, auna matsin famfon mai, duk na bakanike ne. Wayoyi da burenbos na rewaya ne, wato mai gyaran wutar mota. In ka ga baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ko ruwan lagireto na raguwa ba ɗigo a ƙasa, kada ka ƙara tayarwa.

Amfanin littafinka a nan yake fitowa. Je wa wanda ya ƙware a irin motarka, ɗan Fijo daban, ɗan Japan daban, ɗan Jamus daban. Je da safe. Faɗa masa abin da motar ke yi da abin da ka riga ka sauya, ka bar shi ya faɗi cutar, don in ka ce "famfo ne" famfon zai sauya maka. Kafin a yi maganar buɗe inji, nemi a auna kwamfireshan na silinda huɗun a gabanka. In lambobin sun yi kusa da juna, bambancin bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, cikin inji ba shi da laifi. Raba kuɗin kaya da kuɗin hannu tun kafin a kwance noti, ka karɓi tsofaffin kayanka a leda.

Abu uku in aka ba ka shawararsu, ka yi godiya ka ja motarka. Cire ƙwan wutar cek. Fasa salansa a kwashe indomi, wanda ake rububinsa saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki. Sai wanda ya fi yawa, cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Tamostat na Toyota da yawa a digiri 82 yake buɗewa, sama da duk wani zafin Afrilu. In babu shi, da sanyin safiya ko a doguwar hanya inji ba ya kai zafinsa, burenbos ya ɗauka har yanzu ɗumama ake yi, ya ci gaba da ƙara mai. Motar da ke ofahitin, a duba lagireto da murfinsa da famfon ruwa da fanka. Tamostat in ya mutu sabo ake sawa. Kuma murfin lagireto ba a buɗe shi da zafi.

Bakanike nagari kuwa kada ka yi masa ƙoro. Hanyar koyo mafi sauri da na sani ita ce wadda na bi bayan abin da ya same ni. Na ce wa dattijon nan, "Baba, zan biya kuɗin hannu cikakke, amma ni zan riƙe sifana kana kallo." Ya yi dariya, ya ce wa yaronsa ya ba ni benci. Sabis uku muka yi a haka, kowane zuwa da ɗan na goro ga yaran.

11. Gwaji a hanya

Duba ba ka bar sifana ko tsumma a cikin bonet ba, kowane soket ya yi "ƙas". Tayar, bar ta ta yi zafi, kunna AC da fitilu ka ga ko silo zai riƙe. Zaga cikin gari tukuna, ta Wunti ko Yelwa inda ake tsayawa ana tashi, sannan ka hau titin Jos. Hawan da ke bayan Toro zuwa Tilden Fulani ba ya rufa wa inji asiri, misin ko ƙarar tsakuwa ko allurar zafi, duk a nan suke fitowa. Mai kafireta zai ji ƙarfi ya ɗan ragu a saman Jos saboda iskar can ba ta kai ta Bauchi kauri ba, kada ya taɓa sukuru a kan wannan.

Dawo ka sake jona sikana. Sannan ka maimaita awon mataki na 2 sau biyu, da irin zirga-zirgar da ka saba, ka rubuta a ƙarƙashin lambar farko. In ka yi gyara fiye da ɗaya a rana guda ba za ka san wanda ya yi aiki ba, shi ya sa nake raba su Asabar-Asabar.

In inji ya yi sumul amma shan mai bai sauka ba, sauka ƙasa. Auna iskar taya da safe bisa takardar da ke jikin ƙofar direba, kada ka bi ta mai faci da ke bugawa da ƙafa. Bayan tafiyar kilomita goma ba yawan taka birki, tsaya ka kai bayan hannunka kusa da kowane rim ba tare da ka taɓa ba. Wanda ya fi sauran zafi, birkinsa na kamawa, shi za ka nuna wa bakanike.